Idon Barsu Yana Rawa, Baba Ya Kira Mai Kare

Admin barka da aiki, don Allah ka sa mini wannan a guruf amma ka cire sunana, akwai 'yan cocinmu a nan ciki, in sun ga suna magana za ta kai kunnen Baba kafin in ajiye waya. Wanda ya gane ni duk da haka, ina roƙonsa ya yi shiru. Salama gare ku iyayena da yayyena masu kiwo, masu kaji da masu alade da masu karnuka duka. Shawara na zo nema, don Allah ku ba ni, kuma ku ba ni da wuri, domin in Asabar ta yi maganar ta ƙare.

Ni saurayi ne, a Kafanchan muke zaune, na gama sakandare ina jiran admishan, kuma abin da nake so in karanta a duniya shi ne likitan dabbobi. Duk datan da na samu a kan bidiyon karnuka yake ƙarewa, yadda ake ba su maganin tsutsa, yadda ake cire kaska ba tare da kan ya tsaya a fata ba, yadda ake gane kare yana da zazzaɓi, duk a waya na koya, babu wanda ya zaunar da ni. A layinmu Dokta Kare suke kirana, wasu da wasa, wasu kuma da gaske har su kawo mini nasu in duba. Ni dai ban taɓa ce wa kowa ni likita ne ba, in abu ya fi ƙarfina ina faɗa. To wannan karon abin a gidanmu ya faɗo, kuma ya fi ƙarfina ta inda ban zata ba.

Ina da ɗan kwikwiyo, bai wuce wata uku ba, daga Godogodo na ɗauko shi a cikin kwali a kan cinyata, karyar wani ɗan'uwanmu ce ta haihu. Ja ne, ƙafafunsa na gaba farare kamar ya sa safa. Kakata, uwar Babana, ita ce ta raɗa masa suna. Maƙwabta sun fara magana wai mutane ba su ƙoshi ba an kawo kare, sai ta ce to sunansa Barsu, duk lokacin da aka kira shi a tsakar gida da ƙarfi masu magana su ji amsarsu ta katanga. Kaka tana kirana maigidana tun ina rarrafe, da na kawo Barsu ta ce shi ke nan Allah ya ba mu haihuwa a tsufa, wannan ɗanmu ne ni da kai. Ita ke ajiye masa ƙanzon tuwo, ita ke masa faɗa da yarenmu in ya ja mata zane a igiya, a ƙafarta yake kwana da rana in tana kankare citta.

Baba shi ne tun farko bai so ba. Malamin firamare ne ya yi ritaya, dattijo ne a coci, ba mai zafi ba ne ko kaɗan, amma maganar kare daban take a wurinsa. Yana yaro a ƙauye mahaukacin kare ya ciji abokinsa, aka kulle yaron a ɗaki har ya mutu, Baba yana jin kukansa ta bango. Bai taɓa ba mu labarin har ƙarshe ba, yana kaiwa wurin ɗakin sai ya tashi ya ce zai duba awaki. Da ƙyar ya yarda in kawo Barsu, da sharaɗin ranar da ya ga wani abu bai gane ba a jikin karen, ranar zai bar gidan, domin akwai Godiya, 'yar yayata ce ƙarama da aka bari a wurinmu, ita da Barsu a kwano ɗaya suke so su ci in ba a gani ba. Na ce na yarda. Na yi niyyar kai shi allurar rigakafin hauka ƙarshen watan nan, an ce mini sai ya cika wata uku ake yi.

Bari in ɗan yi bayani a kan ido, domin masu ƙananan karnuka a nan kada ku tsorata a banza, ba kowane motsin ido ne ciwo ba. Makon da na kawo shi Godiya ta shigo da gudu tana ihu wai Barsu ya mutu idonsa ya juye. Na je na same shi yana barci, ido rabi a buɗe, ƙwayar tana yawo a ƙasan fata, wata farar fata ta rufe gefe, ƙafa tana shure-shure, baki yana motsi. Wannan mafarki ne kawai, ka kira sunansa ya farka ido ya dawo daidai, shi ke nan. Farar fatar nan ma kowane kare yana da ita a kusurwar ido, in yana jin barci take fitowa. Haka kuma in ka riƙe kansa ka juya shi a hankali hagu da dama za ka ga ƙwayar tana ɗan tsalle tana bin kan, wannan ma lafiya ce, haka Allah ya yi su. Wanda ba lafiya ba shi ne kare yana farke, kansa a tsaye wuri ɗaya, babu abin da yake bi da kallo, amma ƙwayar idon ta ƙi tsayawa, ta tafi gefe a hankali ta dawo fit, ta tafi ta dawo fit, kamar wani yana ja da zare. Da Turanci nistagmus suke ce masa. Na sha ganinsa a bidiyo har ina nuna wa abokaina, ban san zan gan shi a tsakar gidanmu ba.

Ranar Talata ni da Baba muka tafi gonar citta tun safe, Mama tana kasuwa, gida daga Kaka sai Godiya. Da yamma ni na riga dawowa, Baba ya tsaya a coci taron dattawa. Ina buɗe ƙofa na san akwai matsala, domin Barsu tun daga kwanar layi yake gane ƙarar kekena, yana tsalle yana fitsari don murna, ranar shiru. Na same shi kusa da rijiya a kwance, ya yi amai, da ya gan ni ya kaɗa wutsiya ya miƙe zai zo, sai ya tafi gefe kamar wanda ya kwana a gidan burkutu, ya zaga, ya faɗi, ya sake tashi ya sake zagawa ta gefe guda ɗin. Kansa a karkace hagu, kunnen hagu yana kallon ƙasa. Na durƙusa na riƙe fuskarsa, jama'a, ido biyun duka suna tafiya suna dawowa, suna tafiya suna dawowa. Na kira Kaka na ce Kaka idon Barsu yana rawa. Tana zaune a kan tabarma ba ta ko juyo ba, ta ce to maigida, ido in yana rawa ai baƙo ne zai zo, ka share ɗaki. Ta yi dariya, amma dariyar ba irin tata ba ce, a lokacin ban kula ba.

Na ruga kemis ɗin bakin titi, na ce wa mai shagon idon karena yana rawa, kafin in rufe baki ya miƙo mini maganin ɗigawa a ido, wai rashin barci ne, shi ma nasa yana yi in ya daɗe a kan waya. Na ce oga ba fatar ido nake nufi ba, ƙwayar ce da kanta take gudu. Ya ce ƙwaya kuma, ina za ta je? Mutanen da ke shagon suka fashe da dariya, wata mata ta ce karen naka kuɗi zai gani Dokta, in na dama ne. Kun ga matsalar kalmar nan, kowa ka ce masa ido yana rawa abin da ke zuwa kansa shi ne ɗan motsin fatar nan da muke cewa baƙo ko kuɗi, babu wanda yake jin tsoro. Na ajiye masa maganinsa na dawo, domin abin da na koya shi ne irin wannan rawar yawanci ba daga ido take ba, daga can cikin kunne take, wurin da ke riƙe wa dabba balans, ko kuma daga ƙwaƙwalwa. In wurin ya taɓu sai kare ya ji duniya tana juyawa, idon yana ƙoƙarin kama ta ne.

Saboda haka da na dawo kunnen na fara dubawa. Ƙudaje suna cin bakin kunnensa kwanakin nan, kun san yadda suke yi wa karnukanmu har ya yi jini. Na ɗaga kunnen hagun na ga ya yi ja, ya jiƙe da wani abu mai maiƙo har ciki, ga wani wari da ya bugi hancina, warin da na sani amma na kasa tuna daga ina. Na jiƙa tsumma na goge bayan kunnen da bakinsa, na matse a roba, sai ruwan ya koma fari fat kamar an zuba nono. Duk wanda ya taɓa goya injin feshi ya san abin da ke mayar da ruwa fari haka. Na shiga sito da gudu. A gidanmu komai a robar lemo yake, manja, man gyaɗa, kalanzir, baƙin mai na inji, har maganin ƙwarin da Baba yake saya su raba da maƙwabcinmu, nasa rabin a robar lemo yake zubawa. A ƙasa bayan buhun masara robobi biyu suke zama kusa da juna, ta baƙin mai da ta maganin feshi. Ta baƙin mai tana nan da ƙurarta. Ta maganin murfinta a karkace, jikinta a jiƙe.

Ban gama haɗa lissafin a kaina ba Baba ya shigo. Ya ga kare yana tangaɗi, yawu yana zuba a bakinsa, ido yana yawo. Ban taɓa ganin fuskar Babana haka ba. Ya sure Godiya ya miƙa wa Mama da ta shigo bayansa, ya ɗauki kwandon wanki ya kife Barsu, ya tura shi da sanda har tsohon ɗakin kajinmu, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Ina ta cewa Baba tsaya in yi maka bayani, kunne ne, ya ce in rufe masa baki, likitan waya, wai shi ya ga wannan abin da idonsa tun kafin a haifi uwata. Na ce bai ciji kowa ba, ya ce sai ya ciji zan yarda? Ya sa na wanke hannu da sabulu har sau nawa, ya duba jikin Godiya daga kai har tafin ƙafa yana addu'a. Mama ta ce ita ba ruwanta da maganar kare, abin da maigida ya ce shi ke nan. Kaka tana kan tabarma ta ci gaba da kankare cittarta.

Washegari da safe da kowa ya fita na zauna kusa da ita ina taya ta kankare citta, na ce Kaka, jiya kin sa wa ɗanmu magani a kunne ko? Wuƙar hannunta ta tsaya. Sai ta ce ƙudaje ne suka dame shi yana ta kuka yana kaɗa kai, ta ce bari ta shafa masa baƙin mai yadda ake yi a ƙauye, ta shiga sito ta laluba ta ɗauko, ta shafa a baki, ta ce bari ta ɗan tsiyaya a ciki ko akwai kaska. Mura take yi ba ta ji wari ba. Sai da ya ƙwalla ƙara ya ƙwace, yatsunta suka fara zafi, sannan ta san ba shi ba ne. Na ce Kaka baƙin mai fa baƙi ne, wancan kuwa kamar shayi yake. Ta juyo da fuskarta wajena, ta ce maigida, ni yanzu duk robobin nan ɗaya suke a wurina. Kai ma da murya nake gane ka.

'Yan'uwa, a gida ɗaya muke, ni mai cewa na iya duba idon kare, ban lura ba. Mun san tana da yanar ido, amma tana cewa kaɗan ne, tana gani sarai. Sai yanzu nake tuna yadda take bin bango da hannu in za ta bayan gida, yadda take cewa wa ke nan in an shigo, yadda ta daina zuwa zumuntar mata ta coci wai ciwon ƙafa. Yayan Baba da ke Sabon Tasha a Kaduna ya daɗe yana cewa a kawo ta a yi mata aikin ido, ita kuwa ta rantse ba za ta ba, wai wata ƙawarta an kai ta ba ta dawo ba, wai cire ido suke yi su ajiye a faranti su wanke. Na yi mata bayani ba haka ba ne, na ce har bidiyon aikin na gani, ɗan lokaci kaɗan ne, ta ce in ajiye bidiyona. Ta kama hannuna da hannunta mai warin citta ta ce kada ka gaya wa babanka, in ya ji gobe-gobe zai sa ni a mota, kuma in na tafi Kaduna gawata ce za ta dawo. Ta ce ka yi mini alkawari. Tana kuka. Ban taɓa ganin hawayen Kaka ba ko a jana'iza, ita ce mai ba mutane haƙuri. Na ce na yi.

Da rana na samu lambar wata likitar dabbobi a nan garin, a cikin guruf ɗin nan ma wani ya taɓa sawa, Allah ya saka masa. Na roƙi Baba ya saurara ko minti ɗaya, na sa a sifika, muna zaune a tsakar gida, Kaka tana gefe. Matar nan ta san aikinta, tambayar farko da ta yi ita ce fatar idon ce ke rawa ko ƙwayar, na ji kamar in rungume wayar. Ta tambaya gefe da gefe yake yi ko sama da ƙasa, na ce gefe da gefe, ta ce to da ɗan sauƙi, na sama da ƙasa ya fi nuna ƙwaƙwalwa. Ta tambaya baƙin tsakiyar idon girmansu ɗaya, yana amai, yana cin abinci, ya taɓa faɗuwa ko an buge shi a kai, wani kare ya taɓa cizonsa, an ba shi maganin mutane. Ta ce duk kwikwiyon da ido ya fara masa haka farat ɗaya, ga karkata kai, ga faɗuwa, ga amai, ranar ake kawo shi, ba a jira a ga ko zai daina. Na yi saurin cewa yana shan ruwa, ai mahaukacin kare ba ya sha, ta ce a'a ɗana, wannan a mutum ne, kare mai hauka yana iya shan ruwa, kada ka riƙe wannan hujja, ita ba za ta ce hauka ne ko ba hauka ba sai ta gan shi. Baba ya kalle ni. Sai ta ce, an zuba masa wani abu a kunne, ko ya lashi wani magani? Na ji tabarmar Kaka ta motsa. Na ce ban sani ba.

Shi ke nan Baba ya karɓi wayar ya yi mata godiya, ya ce tunda ita ma ba ta iya cewa ba hauka ba ne, shi ba zai yi gwaji da jikarsa ba, kuma ba zai sa ɗansa ya rungumi wannan karen a kan okada ba. Ta ce masa kulle shi da ya yi daidai ne, amma kashe shi ba zai gaya wa kowa abin da ya same shi ba, a bari a duba. Ya ce ya ji. Yana kashe wayar ya kira Danladi mai kare, wanda ke yawo da babur da kejin ƙarfe a baya yana sayen karnuka, ya ce ya zo da ƙarfensa na kamu ya gama da shi, kuma ba sayarwa zai yi ba, a binne. Ni dai tunda nake ban taɓa jin Danladi ya binne kare ba, amma bar wannan. Danladi ya ce yana garin Kasuwan Magani, sai Asabar zai shigo gari.

Na san wasu za su ce me ya sa ban gaya wa likitar a ɓoye ba. Na gaya mata. Na zaga bayan gida na sake kira na faɗa mata komai. Ta yi mini faɗa sosai, ta ce da na faɗa tun farko, maganin ƙwari a cikin kunnen ɗan kwikwiyo ba abin wasa ba ne, yana ƙona ciki kuma jiki yana shan sa, yawun da amai ma zai iya zama shi ne. Ta ce kada in zuba ruwa ko mai ko komai a ramin kunnen, in fatar ciki ta fashe zan ƙara ɓata shi ne, a kawo shi ta duba da abin dubawa ta wanke yadda ya kamata. Ta ce da yawa suna warkewa in an kawo da wuri, wani kansa ya ɗan zauna a karkace amma ya yi rayuwarsa. Na ce ko za ta kira Baba ta ce ta gano kunne ne kawai. Ta ce za ta yi magana da shi da daɗin rai, amma ba za ta yi wa dattijo ƙarya ba, in ya tambaye ta yadda ta sani za ta faɗa. Kuma ta ce in yi tunani, yau kunnen kare ne, tsohuwar da ba ta bambanta roba da roba, wa ke ba ƙaramar yarinyar nan magani in ba kowa a gida? Kaka ce. Ko makon jiya ita ta ba Godiya maganin tari.

Tun daga lokacin ban zauna wuri ɗaya ba. In shiga ɗaki in fito, in je ɗakin kaji in leƙa ta raga, in buɗe waya in karanta abin da na riga na karanta. Ta ramin da kaji suke fita nake tura masa kunu da ruwa, yana lasa kaɗan, in ya ji muryata wutsiya tana bugun ƙasa, yana so ya zo sai ya zaga ya faɗi. Bai yi gurnani ba, bai ciji ragar ba, muryarsa ba ta canja ba, ya san sunansa. Idon yana nan yana yi, wani lokaci ina ganin kamar ya rage gudu, wani lokaci in ce son zuciyata ne. Na ɗauki bidiyo, admin in an yarda zan tura. Na kwashe robar maganin na kai can saman rumbu, na ɗaura wa sauran robobin tsumma daban-daban yadda hannu zai gane, abin da na iya yi ke nan.

Na yi tunanin in ce wa Baba ni na zuba. Amma tare muka wuni a gona, kuma duk layin nan an san ni ne mai wa'azin kada a sa wa kare baƙin mai, ba zai yarda ba, zai ce don in ceci kare nake ƙarya, daga nan ko gaskiya na faɗa ba zai ji ba. Na yi tunanin in fasa kwaɗon in gudu da shi wurin likita kafin a tashi, amma in na yi haka na nuna wa Baba tsoronsa ba komai ba ne a wurina, kuma in da gaske akwai wani abu bayan maganin fa, tunda likita ma ta ce sai ta gani? Har tunanin cewa Godiya ce ta yi wasa da robar ya zo mini, na ji kunyar kaina. Abin da ya rage shi ne in kai Baba sito in nuna masa robar, in zuba ɗigo a ruwa ya ga ya yi fari, in ce ya shinshina tsumman da na goge kunnen da shi, yana nan na ɓoye. Baba malami ne, in ya ga hujja yana saukowa, na san zai buɗe kwaɗon da hannunsa. Amma tambaya ta biyu da zai yi ita ce wa ya zuba, kuma mutum biyu ne kawai a gida ranar.

Wani sashe na zuciyata yana cewa faɗin ma taimakon Kaka ne, in an yi mata aikin za ta ga Godiya, ta ga safar ƙafar Barsu da take ta jin labari, ta koma zumunta. Wani sashen yana cewa tsohuwar nan ta goya ni, ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan, in aka sa ta a mota tana kuka saboda bakina, in wani abu ya same ta a can ko da ba aikin ne ya jawo ba, da wane ido zan kalli kaina? Na koma na roƙe ta ta faɗa da kanta, ko ta bar ni in faɗa tana zaune, na ce zan bi ta Sabon Tasha in riƙe mata hannu har a gama. Ta ce in ba ta lokaci ta yi addu'a. Na ce Kaka babu lokaci. Ta ce Allah ba ya latti. Na ce Danladi ma ba ya latti.

Yau Alhamis. Da safen nan na fito na same ta ta ja kujerarta har bakin ɗakin kajin, ta zura yatsu ta raga, Barsu ya jawo jiki ya jingina da wurin, tana masa magana da yare ƙasa-ƙasa, ban ji duka ba amma na ji tana ba shi haƙuri. Na janye hannunta na ce likita ta ce kada a taɓa tukuna. Ta ce maigida, duba mini, idon ya daina? Fuskarta tana dab da ragar, tsakaninta da shi bai kai tafin hannu ba, amma ni take tambaya. Na ce bai daina ba Kaka. Sai ta ce ashe dai baƙon yana hanya.

Yana hanya kuwa, jibi ne, da babur da keji.

Iyayena, yayyena, likitocin da ke cikin guruf ɗin nan, ku gaya mini. Akwai wanda karensa ya taɓa yin wannan rawar idon ya tashi, kuma jinkirin nan da muke yi bai riga ya ɓata kunnen ba? Akwai wanda tsohuwarsa ta yi aikin yanar ido ta dawo lafiya, da zai yarda ya yi wa Kaka magana a waya da bakinsa, ko ma tsohuwar ce ta yi mata, tunda ni ta ce in ajiye bidiyona? In jira ta har gobe da yamma ko za ta buɗe baki da kanta, ko in kama hannun Baba yau ɗin nan in kai shi sito? Ba ni da hanyar da zan nuna masa abin da ya sami idon Barsu ba tare da na tona na Kaka ba. In ku ne, alkawarin za ku karya ko kwaɗon, ko za ku tsaya ku buɗe wa Danladi ƙofa?